Wata 7 da rasuwar maigidana, har yau na kasa ɗauke takalminsa daga bakin ƙofa

Maman Biyu:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Na daɗe a guruf ɗin nan ina karantawa kawai ban taɓa cewa komai ba, yau dai abin ya fi ƙarfina. Maigidana ya rasu wata 7 ke nan da kwana 9, shekara 11 muna tare, yara biyu. Ba wata doguwar jinya ya yi ba, kwana 4 ne kawai a asibiti. Lokacin da ake ta zuwa gaisuwa wlh ni ce ma nake ba mutane haƙuri, kowa yana cewa kai wance akwai tawakkali, ni kuwa a raina ba na jin komai, kamar an ɗauke wuta a cikina. Sai da ƙafa ta ɗauke, na gama takaba, kowa ya koma harkar gabansa, sannan abin ya sauko mini gaba ɗaya. Yanzu ƙarfe 3 na dare nake farkawa kullum kamar an tashe ni, in miƙa hannu gefensa in ji wayam. Takalmin da ya cire ranar da za mu tafi asibiti yana nan a bakin ƙofa inda ya ajiye shi, ɗaya ya ɗan karkace, in ina shara zagaye shi nake yi. Layin wayarsa har yau ina saka masa kati don kar a rufe. Akwai wani saƙon murya da ya turo mini, sakan 14 ne, cewa kawai ya yi ga ni nan a hanya kar ki kulle ƙofa, Allah kaɗai ya san sau nawa na saurara. Jiya wata a dangi ta ce mini ya kamata a ce na warware zuwa yanzu, wai abin nawa ya fara zama rashin yarda da ƙaddara. Maganar ta tsaya mini a wuya. Don Allah waɗanda suka taɓa shiga wannan halin ku faɗa mini gsky, rashin imani ne ke damuna? Kuma yaushe yake wucewa?

Uwar Marayu:
Wa alaikumus salam ƙanwata. Allah ya jiƙansa ya sa ya huta, ya raya abin da ya bari. Ni shekara 6 ke nan, kuma ina karanta rubutunki ina ganin kaina. Abin da kika ce na cewa sai bayan an watse ya sauko miki, haka yake wlh, ni wata na 5 zuwa na 9 su suka fi yi mini tsanani fiye da satin farko nesa ba kusa ba. A farko jiki ne yake kare ki, sai ya ga kin ɗan samu inda za ki zauna sannan ya sakar miki kayan. Ba ki makara ba, kuma ba ki yi laifin komai ba.

Mai Nasiha:
Allah ya gafarta masa. Amma 'yar uwa a yi haƙuri zan faɗi abin da ba lallai ya yi daɗi ba. Annabi (SAW) ya ce haƙuri yana wajen bugun farko ne. Ajiye takalmi da sauraron murya kullum fama ciwo ne, miki ba ya warkewa in ana sosa shi. Sannan akwai hadisin da ya ce ana yi wa mamaci azaba saboda kukan iyalansa. In kina sonsa ki goge saƙon nan, ki bayar da kayansa, ki yi masa addu'a. Shi ke nan.

Uwar Marayu:
Haba Malam, shi ke nan fa ka ce? Mace ta zo da zuciya a hannu ka ƙara mata da cewa tana jawo wa mijinta azaba?

Ɗalibin Ilimi:
Ɗan uwa Mai Nasiha na san alheri kake nufi, amma hadisin nan ba a ɗauko shi haka a aza wa mai jimami. Nana A'isha (RA) da kanta ta yi magana a kansa, ta kawo ayar da ta ce wani rai ba ya ɗaukar nauyin wani. Malamai da yawa sun fassara shi da kururuwa da yage tufafi da marin fuska, musamman in mamacin ya yi wasiyya da hakan ko ya yarda da shi tun yana raye. Hawaye daban. Lokacin da Annabi (SAW) ya je duba Sa'ad ɗan Ubada ya yi kuka, sahabbai suka yi kuka, ya ce Allah ba ya azaba da hawayen ido ko baƙin cikin zuciya, sai dai da wannan, ya nuna harshensa. Ranar da ɗansa Ibrahim yake barin duniya ya ce ido yana zubar da hawaye, zuciya tana baƙin ciki, amma ba ma faɗin komai sai abin da Ubangijinmu ya yarda da shi.

Kuma tunda maganar miji da mata ake yi mu duba Nana Khadija (RA). Kusan shekara 25 suna tare, shekarar da ta rasu ita da Abu Ɗalib har suna aka sa mata, shekarar baƙin ciki. Bayan yaƙin Badar, wato kusan shekara 5 da rasuwarta, Nana Zainab 'yar Annabi ta aiko da sarƙar mahaifiyarta Khadija don ta fanshi mijinta Abul As da aka kama a yaƙin, Annabi yana ganin sarƙar nan tausayi mai tsanani ya kama shi, har ya nemi sahabbai in sun yarda su sake shi su mayar mata da abinta. Wata rana Hala 'yar uwar Khadija ta nemi izinin shiga, ya ji irin neman izinin Khadija, ya zabura ya ce Allahumma Hala. Sarƙa ce fa da murya. To Maman Biyu takalmi ne da murya. Wa ya fi shi yarda da ƙaddara?

Annabi Yaƙub (AS) shi ne ya ce haƙuri mai kyau, kuma a Suratu Yusuf aya ta 84, wato ayar da ke bin wannan maganar kai tsaye, aka ce idanunsa sun yi fari saboda baƙin ciki. Duk mutum ɗaya ne.

Maman Biyu:
Malam na karanta wannan sau 3. Ban taɓa jin labarin sarƙar nan ba. Allah ya saka da alheri, wlh kamar an sauke mini dutse daga ƙirji.

Mai Nasiha:
Na karɓi gyara a kan hadisin, Allah ya yafe mini, 'yar uwa ki yi haƙuri. Amma ina nan a kan bakana game da saƙon murya. Tunawa daban, zama a ciki daban. Annabi ya tuna Khadija amma ya ci gaba da rayuwa, ya yi aure, ya yi hijira. Ina da yaya da ta rufe ɗakin mijinta shekara 3 ba mai shiga, ita ma ba ta fita ko ƙofar gida, yaranta suka tashi kamar ba uwa ba uba. Abin da nake ji mata tsoro ke nan.

Nas Mai Aikin Dare:
Yanzu ka zo inda za a tattauna. Ni ma'aikaciyar jinya ce, bari in ɗan faɗi abin da ɓangarenmu ya sani, don ku duka biyun kowa yana riƙe da wani yanki.

Na farko, rasa abokin zama ba ƙaramin bugu ba ne ga jiki kansa. A 1967 wasu likitocin ƙwaƙwalwa biyu a Amurka, Holmes da Rahe, sun jera abubuwan da ke girgiza rayuwar mutum suka ba kowanne maki, mutuwar miji ko mata ita suka sa a sama da maki 100, saki yana biye da 73. A Ingila kuma an bi diddigin maza sama da 4,000 da matansu suka rasu, binciken ya fito a 1969, aka ga a wata 6 na farko mutuwa a cikinsu ta ƙaru da kusan kashi 40 cikin 100 a kan sa'o'insu masu mata, akasari ta ciwon zuciya. Akwai ma wani ciwo da likitocin Japan suka fara bayyanawa a 1990, takotsubo, inda tashin hankali mai tsanani yake raunana tsokar zuciya ta kasa bugawa yadda ya kamata, alamunsa kamar bugun zuciya sak, kuma ya fi kama mata da suka manyanta. To rashin barci, mantuwa, kasala, nauyin ƙirji, ba shagwaɓa ba ce. Amma in ciwon ƙirji ne sosai ko numfashi yana sarƙewa kar a ce ai jimami ne, a tafi asibiti a lokacin.

Na biyu, zancen matakai 5 da ake yawan yaɗawa, wai musantawa sai fushi sai kaza har a kai ga yarda. Likitar da ta kawo shi a 1969, Elisabeth Kübler-Ross, daga marasa lafiyan da ke gab da mutuwa ta samo shi, ba daga waɗanda aka mutu aka bari ba, kuma ba tsani ba ne da dole sai ka taka ɗaya bayan ɗaya. Abin da ya fi kama da abin da nake gani shi ne bayanin wasu masana biyu a Holan, Stroebe da Schut, a 1999: mai jimami kai-kawo yake yi, wani lokaci ya fuskanci rashin ya yi kukansa, wani lokaci ya juya ya fuskanci rayuwa, yara, aiki, har dariya. Kai-kawon nan shi ne lafiyar. Matsala ita ce mutum ya maƙale a gefe ɗaya. Yayar Mai Nasiha ta maƙale a gefen rashi. Akwai kuma waɗanda suke maƙalewa a ɗaya gefen, ba kuka ba ambato, sai aiki, su ma yana jiransu a gaba.

Shi ya sa ba zan ce ki goge saƙon ba. Tambayar ita ce in kin saurara kina iya tashi ki shirya yara makaranta? Ko kuwa wuni kike yi a kai?

Maman Biyu:
Ina tashi Anti. Yara ba su taɓa fashin makaranta ba, na koma aiki ma wata 2 da suka wuce. Dare ne matsalata. Kuma akwai abin da ban faɗa ba don ina jin kunya, wani lokaci da yamma wajen lokacin da yake dawowa sai in ji kamar motsinsa a ƙofa, sau ɗaya ma na ji ƙamshin turarensa a ɗaki har na juya. Na ji tsoro ko kaina ne ya fara taɓuwa.

Nas Mai Aikin Dare:
Kanki ƙalau. Wani likita a yankin Wales ya tambayi kusan mutum 300 da suka rasa miji ko mata, ya wallafa a 1971, kusan rabinsu suka ce sun taɓa jin kamar mamacin yana kusa, wasu har gani ko jin murya, kuma mafi yawansu sun ce abin sanyi yake sa musu. Shekara 11 kunnenki yana jiran ƙofar nan a wannan lokacin, ba zai daina a wata 7 ba.

Baban 'Yan Mata:
Ni namiji ne bari in sa baki, don mu ba a cika tambayarmu ba. Matata ta rasu shekara 2 da rabi, ta bar mini 'yan mata 3, ƙaramar tana shekara 4 a lokacin. Kwana 10 ba a yi ba aka fara yi mini zancen aure, wai namiji ba ya zama haka, ba wanda ya ce yaya kake kwana. A mota nake kukana, in faka a gefen hanya in yi mai isata in wanke fuska in shiga gida. Ranar da ta fi karya ni ba ranar jana'iza ba ce, wata safiya ce ƙaramar ta kawo mini mataji ta zauna a gabana ta juya mini baya kamar yadda take yi wa uwarta, ni kuma ban san ta inda ake farawa ba, ina taje mata tana cewa Baba ba haka Mama take yi ba, daga ƙasa take farawa. Yarinya 'yar shekara 4 ita ta koya mini. Yanzu na iya, har na manyan ina yi.

Maman Biyu abin da zan ce miki, nauyin bai ragu ba a wurina, ni ne na ƙara ƙarfin ɗauka. Da kullum ne, ya koma sati-sati, yanzu sai wani abu ya taɓo shi. Gilashinta na karatu yana cikin durowata, ban ba kowa ba kuma ba zan bayar ba. Sauran kayan na bayar da su bayan shekara 1, ranar da na ji zan iya, ba ranar da aka ce in yi ba.

Hajiya Babba:
Allah sarki ɗana, Allah ya yi maka albarka ya shirya maka su. Ni na tsufa, miji biyu na binne. Amma ku bar ni in faɗi nawa, aure ba laifi ba ne kuma ba cin amana ba ne. Ummu Salama da Abu Salama ya rasu ta yi addu'ar da aka koya mata, Allahumma ajirni fi musibati wa akhlif li khairan minha, tana yi tana cewa a ranta wa ya fi Abu Salama, sai ga shi Allah ya musanya mata da Manzon Allah. 'Yata ki riƙe addu'ar nan ko da zuciyarki tana gardama, ita ma tata ta yi gardama.

Uwar Marayu:
Gaskiya ne Hajiya, amma a bar mutum ya kai da ƙafarsa. Ni an matsa mini na yi aure bayan wata 8, bawan Allah bai yi mini komai ba mutumin kirki ne, amma ni ban gama da na farko ba, kullum ina auna shi da wanda ba ya nan, wa zai iya gasa da mamaci? Shekara 1 muka rabu, na cuce shi na cuci kaina. Aure ba maganin jimami ba ne, in an warke a yi shi don kansa.

Hajiya Babba:
Ban ce gobe ba ai. Na ce kar ta rufe ƙofar ne da rantsuwa, don na ga masu rantsewa a cikin zafi su zo suna jin nauyin warwarewa.

'Yar Uwa Kirista:
Ku ba ni dama ni ma, mijina ya rasu shekara 4. A wurinmu ma akwai masu cewa in kana da bangaskiya ba ka kuka. Ni kuwa ayar da ta riƙe ni ita ce Yohanna 11:35, Yesu ya yi kuka, a kan mutuwar abokinsa Li'azaru. Abin da ya fi taimakona ba wa'azi ba ne, wata maƙwabciyata ce da take zuwa duk Laraba da yamma ta zauna, wani lokaci ko magana ba ma yi, tana ninke mini wanki kawai. Masu cewa in kina buƙatar wani abu ki kira ni, ban taɓa kiran ko ɗaya ba, mai jimami ba ya iya kira. Wanda ya zo shi ne ya zo.

Malamar Firamare:
Maman Biyu yaran fa, me kika ce musu? Ina tambaya ne don ina ganinsu a aji. Don Allah kar a ce wa yaro Baba ya yi tafiya ko yana barci, wanda aka ce wa tafiya zai yi ta jiran ƙofa, wanda aka ce wa barci zai ji tsoron kwanciya. A faɗa masa ya rasu, ba zai dawo ba, ba laifin kowa ba ne, don yara suna yawan ɗauka wani rashin jin da suka yi ne ya jawo. Kuma ƙananan sai sun yi ta maimaita tambayar, ba mantawa suke yi ba, a hankali suke gane cewa abin na dindindin ne.

Maman Biyu:
Babban shekararsa 9 ya sani, amma ba ya ambatonsa ko kaɗan, in na shigo ɗaki sai ya ɓoye hoton da ke hannunsa. Ƙaramar 5, na ce mata yana wurin Allah, sai ta ce yaushe Allah zai dawo da shi. Ni kuma ɓoye musu kukana nake yi a banɗaki in kunna famfo.

Malamar Firamare:
To kin ga, kina ɓoye masa yana ɓoye miki, kowa yana gadin ɗan uwansa. Ki bari ya ga hawayenki ko sau ɗaya ki ce masa kewar Baba nake yi, sai ya san an yarda a yi.

Nas Mai Aikin Dare:
Saura abu ɗaya 'yar uwa, kuma ki amsa mini tsakaninki da Allah ko ta akwatin sirri ne. Kin taɓa jin gara ki bi shi, ko tunanin yi wa kanki wani abu? Ba zargi ba ne, tambaya ce da muke yi wa kowa. Sannan ki sani Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa jimamin da ya ƙi sassautawa cikin jerin cututtukanta da ya fara aiki a 2022, wato in an wuce aƙalla wata 6 kewar tana nan da zafinta kullum, ta wuce yadda aka saba gani, har ta hana mutum gudanar da rayuwarsa. Likitocin ƙwaƙwalwa na Amurka su shekara 1 suka sa ga manya. Kusan mutum 1 cikin 10 ne yake faɗawa wannan, kuma ana magance shi ta zama da ƙwararre. Daga abin da kika faɗa ban ga kin kai can ba, amma rashin barcin wata da watanni shi kaɗai ya isa a ga likita. Kar ki sayi maganin barci da kanki.

Maman Biyu:
Zan amsa a nan Anti ko wata za ta amfana. A wata na 5 na sha cewa da ma ni aka ɗauka aka bar shi, ya fi ni iya yaran. Amma yi wa kaina wani abu a'a, ban taɓa ba. Zan je ganin likitan ranar Litinin in sha Allah, ƙanwata ta ce za ta raka ni.

Nas Mai Aikin Dare:
Madalla. Ki faɗa masa wannan maganar ma yadda kika faɗa mana. In tunanin ya dawo ko ya canza kama, kar ki kwana da shi ke kaɗai, ki tashi wani a daren.

Baban 'Yan Mata:
Duk mun yi ta magana a kan rashinsa ba wanda ya tambaye ki shi. Wane irin mutum ne? In ba damuwa ki ba mu labarinsa.

Maman Biyu:
Wata 7 ba wanda ya yi mini wannan tambayar, kowa kauce wa sunansa yake yi kamar zai ƙone shi. Mutum ne mai shiru, in ya yi dariya ba sauti sai kafaɗunsa su yi ta rawa. Ba ya iya wuce abin da ya lalace, ko a gidan mutane muka je ya ga ƙofa tana ƙara sai ya nemi mai ya ɗiga mata. In mun yi faɗa ba ya iya cewa yi haƙuri, sai in tashi da safe in ga ya goge mini kayan da zan sa ya rataye a jikin ƙofa. Ranar ƙarshe a asibiti yana ta nuna mini famfon ɗakin da ke ɗiga wai in kira a gyara ana asarar ruwa.

Jiya da daddare bayan na karanta maganar Malama na kira babban na ce zo ka ji muryar Baba. Muka saurara tare sau 2, ya kifa kansa a cinyata ya yi kukan da bai yi ba tun ranar, ni ma na yi nawa ban kunna famfo ba. Da ya gama ya ce Mama in na girma takalmin nan zai yi mini? Na ce zai yi. Yau da safe na ga ya goge shi, ya gyara wanda ya karkace, ya mayar da su inda suke.